Koyar da Ilmin Zama Ɗan Ƙasa a Makarantun Gwamnati: Abin da Doka Ta Ce da Abin da Yaron Bakin Kainji Yake Gani



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba darasi ɗaya daga cikin darussan da hukuma ta wajabta koyarwa a makarantun gwamnati, watau darasin da ke sanar da yaro yadda ake mulkin ƙasarsa, da haƙƙin da yake da shi a kanta, da nauyin da ya rataya a wuyansa game da ita. A cikin wannan bayani za a riƙa kiransa ilmin zama ɗan ƙasa. Za a fara da asalinsa da dokokin da suka kafa shi, sa'an nan a bi shi har aji, a ga yadda yake idan ya sauka gaban yara. Wurin da aka zaɓa domin wannan awo shi ne ƙasar Yauri ta Jihar Kebbi, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Yauri da Ngaski da Shanga, a gefen Kogin Kwara da Tafkin Kainji.

Akwai dalilin zaɓen wannan wuri. Mutumin bakin Kainji ya san gwamnati ido da ido. Ta taɓa zuwa ta tashe shi daga tsibirin kakanninsa, ta gina masa gida a tudu, ta kafa masa dokar kamun kifi da ta shiga jirgi, ta kuma yi masa alkawarin tsaron 'ya'yansa. Saboda haka idan malami ya tsaya gaban ɗan wannan mutum yana karanta masa haƙƙin ɗan ƙasa, yaron yana da mudun da zai auna maganar da shi. Abin da laccar ke neman nunawa shi ne, wajabta darasi a takarda rabin aiki ne. Ragowar rabin yana hannun jiha da ƙaramar hukuma da malamin aji, kuma ba zai yiwu ba sai an fara darasin daga abin da yaro ya sani, cikin harshen da yake ji.

Asalin Darasin

Tunani a kan haƙƙin mai mulki da na wanda ake mulka tsoho ne a ƙasar Hausa. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A farkon ƙarni na 19 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa Usulus Siyasa. Amma waɗannan littattafai masu mulki da malamai aka yi wa su. Ɗan talaka a gida yake koyon nasa: ya ga yadda ake kai ƙara wurin mai unguwa, daga nan zuwa dagaci da hakimi, ya ga yadda ake fita gayya, idan kuwa ɗan masunta ne ya ga yadda Sarkin Ruwa ke raba gardama a kan wurin kamu.

Abin da zamani ya kawo shi ne hukuma ta ce dole kowane yaro ya karanta wannan ilmi a makaranta. A Faransa, dokar Jules Ferry ta 1882 ta sa tarbiyya da ilmin zama ɗan ƙasa a kan gaba cikin darussan firamare, a lokacin da jamhuriya ke neman kafuwa da ƙafafunta. A Ingila sai a 2002 aka wajabta shi a makarantun sakandare, bayan an lura matasa na juya wa siyasa baya. A Amurka kowace jiha ke kafa nata sharaɗi. A 2015 Jihar Arizona ta zama ta farko da ta ce ɗalibi ba zai kammala sakandare ba sai ya ci irin jarrabawar da ake yi wa baƙo mai neman zama ɗan ƙasa. A ko'ina aka duba, za a tarar wata fargaba ce ta haifi dokar, domin ruwa ba ya tsami banza.

Fargabar Nijeriya ita ce rabuwa. An yi babban taron ƙasa a kan manhaja a Legas a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. Daga shawarwarin wannan taro aka samo Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta lissafa horon zama ɗan ƙasa cikin manufofin makarantar firamare. Shekara ɗaya kafin haka, a 1976, aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, aka kuma shigo da alkawarin biyayya ga ƙasa da yara ke yi kowace safiya. Sai dai a wancan tsari darasin bai tsaya da kansa ba. An naɗe shi tare da tarihi da labarin ƙasa cikin darasi guda da ake kira ilmin zamantakewa. Gwamnatocin soja kuma sun gwada koyar da manya ta wata hanya: Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, shirin MAMSER a 1987, da Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa a 1993.

Abin da Doka Ta Ce

Tushen farko shi ne Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 18 ya ɗora wa gwamnati samar da ilmi daidai wa daida ga kowa. Sashe na 23 ya jera ɗabi'u bakwai da ƙasa ta ɗauka nata, watau ɗa'a, da riƙon amana, da girmama aiki, da adalci tsakanin jama'a, da haƙuri da addinin juna, da dogaro da kai, da kishin ƙasa. Sashe na 24 ya jera nauyin ɗan ƙasa, kamar bin tsarin mulki, da taimakon hukuma wajen kiyaye doka, da yi wa unguwarsa amfani, da biyan haraji a kan kari.

Tushe na biyu shi ne shirin ilmin bai-ɗaya, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya buɗe a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce shekara tara na farko, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Uban da ya ƙi kai ɗansa za a ja masa kunne a karon farko, a karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu.

Tushe na uku shi ne manhaja, wadda Hukumar Nazari da Bunƙasa Ilmi ta Ƙasa, watau NERDC, ke tsarawa, Majalisar Ilmi ta Ƙasa, inda minista da kwamishinonin jihohi ke zama, ta amince da ita. A manhajar 2007 aka ware ilmin zama ɗan ƙasa ya zama darasi mai zaman kansa. A 2011 ya shiga jerin darussan dole na babbar sakandare, a 2014 kuma hukumar WAEC ta fara jarrabawa a kansa. A gyaran 2012 an haɗa shi a matakin farko da addini da zamantakewa da sanin tsaro a ƙarƙashin suna ɗaya. A 2017, bayan ƙorafin shugabannin addini, aka sake ware addini. A Satumba 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da wata sabuwar manhaja, wadda ta haɗa shi da zamantakewa a ƙasa, ta haɗa shi da tarihi da gādon al'umma a babbar sakandare, inda ya ci gaba da zama dole.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na ɗaya, cikin shekara 18 an sauya wa darasin ɗaki har sau da dama, alhali kowane sauyi na bukatar sabon littafi da sabon horo ga malamin da ke Wara ko Shanga, wanda sau da yawa labarin sauyin kan riga littafin isowa. Na biyu, a Nijeriya jiha ba ta rubuta tata manhaja kamar yadda ake yi a Amurka. Tarayya ke faɗin abin da za a koyar. Amma ɗaukar malami, da tura shi, da biyansa, da sayen littafi, da aika mai duba makarantu, duk aikin Ma'aikatar Ilmi ta jiha ne da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha da sassan ilmi na ƙananan hukumomi. Ko kuɗin da Tarayya ke warewa domin shirin, watau kashi 2 cikin 100 na asusunta, jiha ba ta samun babban rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi. Ke nan Abuja ke rubuta doka, Birnin Kebbi ke raya ta ko ta bar ta a takarda.

Darasi na Farko: Ƙasa da Ruwa

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ita madatsar tana cikin Jihar Neja ta yau, amma tafkin da ta tara ya miƙe sama da kilomita 130 zuwa arewa har wajen Yelwa. Ruwan ya ci tsohon garin Busa, ya ci tsibirai da fadamu, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka 239 aka tsugunar da su a wurare 141. A ɓangaren Yauri, a zamanin Sarki Muhammadu Tukur, abin ya fi shafar Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu yake, watau tsibiri, kuma aka san su da noman albasa na rani a gaɓar kogi. Ya shafi Kambari da sauran maƙwabtansu. Da fari an biya diyya da kuɗi, daga baya aka koma gina gidajen siminti, waɗanda tsarinsu ya saɓa da yadda mutanen suka saba zama. Wutar lantarkin da aka samu, megawat 760 idan duk injuna na aiki, ta haskaka manyan birane, ƙauyukan bakin tafki da yawa kuwa suka shekara da shekaru suna kunna aci-bal-bal.

Jikokin waɗanda aka tasa su ne ke zaune a aji yau. Manhaja ta ce a koya musu haƙƙin mallakar dukiya. Malamin da ya san aikinsa ba ya bukatar misali daga wata ƙasa. Zai ce su tambayi kakanninsu sunan tsibirin da aka baro, da abin da aka biya, da wanda ya yi magana a madadinsu. Sa'an nan ya nuna musu cewa sashe na 44 na Tsarin Mulki ya yarda gwamnati ta karɓi kadara bisa doka, amma ya wajabta biyan diyya ba da jinkiri ba, ya kuma ba mai kadara damar zuwa kotu idan bai gamsu ba. Zai gaya musu Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Zai ƙara da cewa a 2010 an yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, watau HYPPADEC, wadda Kebbi na cikin jihohinta, kuma sai da aka shafe shekara goma kafin a naɗa mata shugabanni. Yaron da ya ji wannan ya koyi abu uku a zama ɗaya: ƙasa na iya neman sadaukarwa daga gare shi, yana da haƙƙi a kan abin da ya sadaukar, kuma haƙƙi yakan yi barci idan ba a bi sawunsa ba.

Darasi na Biyu: Kifi da Jirgi

Haƙƙi da nauyi tagwaye ne, kuma tafkin ya tanadi misalin nauyi. Bayan cikar ruwa kifi ya yi yawa, masunta suka kwararo daga nesa, har kamu ya fara ja da baya. A shekarun 1990, da taimakon wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus, jihohin Kebbi da Neja suka kafa dokokin kamun kifi: lasisi ga masunci, hana taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, da hana zuba guba. Abin da masu shirin suka gane shi ne, tafki mai wannan faɗi ya fi ƙarfin 'yan sintiri, dokar ba ta tafiya sai da sarakunan ruwa da shugabannin masunta. Ɗan masunci zai fahimci dalilin doka daga wannan misali fiye da daga kowace ma'ana da aka rubuta a allo, domin ya san wanda ya kwashe ƙananan kifi bana ya ci abincin maƙwabcinsa na baɗi.

Misali na biyu mai ɗaci ne. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya nufi Wara, hedkwatar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150, ya kife a tsakiyar ruwa. Kimanin 20 kaɗai aka ceto da rai. Jami'an Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa sun ɗora laifin a kan lodi fiye da kima. Ƙa'idojin wannan hukuma sun hana irin wannan lodi, sun hana tafiyar dare, sun wajabta sa rigar ruwa. Mutuwa dai ta Allah ce, amma addini bai hana ɗaure raƙumi ba. A wannan lamari akwai nauyi a kan mai jirgi, akwai a kan hukumar da ya kamata ta tsaya a tasha ta kuma share kututturen itatuwan da ruwa ya rufe, akwai kuma a kan fasinja. Fasinjan da ya san yana da ikon cewa jirgi ya cika, ya sauka, ya kuma san ofishin da zai kai ƙara, shi ne ɗan ƙasar da manhaja ke nema. Idan darasin zama ɗan ƙasa bai samar da irin wannan mutum a bakin Kainji ba, da wuya a faɗi amfaninsa a can.

Darasi na Uku: Alkawarin Tsaro

Sashe na 14 na Tsarin Mulki ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. A Birnin Yauri, tsohuwar fadar sarakunan Yauri da ke cikin Ngaski, akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya. Irin waɗannan kwalejoji, waɗanda aka fara da uku a 1966, ɗaya a Sakkwato, an kafa su ne domin yaran sassan ƙasa su tashi tare su san juna. Su kansu darasin zama ɗan ƙasa ne da aka gina da bulo. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka shiga wannan kwaleji da rana, suka kashe ɗan sanda, suka tafi da ɗalibai masu yawa da waɗansu malamai. Waɗansu daga cikin 'yan matan ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023.

Babu yaron ƙasar Yauri da bai ji wannan labari ba. Malamin da ya karanta sashe na 14 ya wuce kamar ba abin da ya faru, yara za su ɗauki darasin duka tatsuniya, gani kuwa ya kori ji. Abin da ya dace, musamman a manyan azuzuwa, shi ne a faɗi gaskiya: wannan alkawari ne da aka rubuta, an saɓa shi a ranar nan, kuma sashe na 6 ya sa yawancin alkawuran babi na biyu ba a iya tilasta su a kotu. To, ina makamin ɗan ƙasa? Ƙuri'arsa idan ya kai shekara 18, da wakilinsa a majalisa, da takardar koke, da jarida da rediyo, da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 wadda ta ba shi ikon neman takardun hukuma. Yaron da ba a nuna masa waɗannan ƙofofi ba, wata rana wani zai nuna masa ƙofar daji, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malami da Harshe da Jarrabawa

Ƙa'ida ta ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce takardar NCE, da rajista a Hukumar Rajistar Malamai. Amma sananne ne a makarantu da yawa akan ɗauki wannan darasi abin da kowa zai iya, sai a miƙa shi ga duk malamin da ke da sarari a jadawali. Ba a yi wa lissafi haka. Wanda bai taɓa buɗe Tsarin Mulki ba ba shi da abin yi sai ya kwafi ma'anoni a allo yara su haddace.

Batun harshe ya fi wannan nauyi. A ƙasar Yauri ana jin Gunganci da harsunan Kambari da Dukanci da Shanganci, wanda yake cikin dangin harsunan Mande, ga Fulatanci, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da ya haɗa kowa. Manufar 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekara shida na firamare, sai kuma a Nuwamba 2025 ministan ilmi ya sanar da soke shi da komawa Turanci. Manufa na iya sauyawa, amma halin aji yana nan: yaron da Hausa ma ita ce harshensa na biyu, idan aka ba shi ma'anar dimokuraɗiyya da Turanci zai maimaita ta kamar aku. Alhali kalmomin da darasin ke bukata suna cikin bakinsa tun daga gida: amana, adalci, haƙƙi, shawara, diyya, zalunci, gayya. Tun da Hausa tana nan a matsayin darasi, ba abin da ya hana a zuba waɗannan batutuwa cikin littattafan karatun Hausa.

Ita kuma jarrabawa abin da ake iya rubutawa take aunawa. Ɗalibi na iya jera illolin maguɗin zaɓe guda biyar da amsar da aka miƙo masa ta taga, ya kuma sami sakamako mai kyau. A ranar ya koyi darasi, amma kishiyar wanda aka nufa.

Amsa ga Masu Fargaba

Akwai masu cewa tono zancen tsibiran da ruwa ya ci da ɗaliban da aka sace zai cusa wa yara ƙin gwamnati, ya kuma raya ƙabilanci, alhali an kafa darasin ne domin haɗin kai. Wannan fargaba ba ta banza ba ce, domin malami marar hankali na iya mayar da aji dandalin jam'iyya. Amma yaran sun riga sun ji labarin a gida da kasuwa, sau da yawa daga bakin mai fushi. Makaranta ce kaɗai za ta ba su shi tare da ɗaya gefen: cewa lantarkin Kainji ya yi wa ƙasa amfani, cewa tafkin ya kawo kifi da noman rani da kasuwa, cewa akwai hanyar neman haƙƙi ba da makami ba. Bugu da ƙari, Bagunge da Bakambare da Bahaushe da Bafillace da ke shiga jirgi ɗaya ran kasuwa sun riga sun san ruwa ba ya tambayar ƙabila. Daga wannan ƙaramin haɗin kai ake hawa zuwa babba.

Shawarwari

Na farko, Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kebbi ta tanadi ɗan littafin rakiya ga manhajar Tarayya, domin kowace masarauta daga cikin huɗun jihar, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, ta sami misalai daga ƙasarta. Akwai masu iya aikin a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya taɓa shugabanta, da jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa.

Na biyu, a horar da malamai musamman domin darasin, a ba kowace makaranta Tsarin Mulki da fassarar muhimman sassansa, a kuma yi wa malamin da aka tura ƙauyen bakin ruwa ihsanin da zai zaunar da shi.

Na uku, a mayar da wani kaso na darasin aiki da hannu. Yara su zaɓi shugaban aji da ƙuri'a su ƙirga a fili. Su ziyarci zaman majalisar ƙaramar hukuma da kotu. Su rubuta wa kansilan mazaɓarsu takarda a kan rijiya ko tashar jirgi, su jira amsa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ɗalibin babbar sakandare ya cancanci sanin abin da aka ware wa tasa.

Na huɗu, a tuna da 'ya'yan masunta masu bin ruwa. Hukumar Ilmin Makiyaya da aka kafa a 1989 tana da hurumi a kansu, kuma yaron da bai zo makaranta ba ba wata manhaja da ta same shi.

Na biyar, mai duba makarantu ya daina gamsuwa da ganin sunan darasi a jadawali. Ya tambayi yaro sunan mazaɓarsa, da inda ake kai ƙara idan aka ƙwace gona.

Kammalawa

An ga cewa doka ba ta yi rowa ba: Tsarin Mulki ya faɗi ɗabi'u, dokar 2004 ta wajabta makaranta, manhaja ta wajabta darasi. An kuma ga cewa ƙasar Yauri tana da misalan da suka isa a koyar da haƙƙi da nauyi da alkawari ba tare da aro ba. Saura magana ɗaya ga ma'aikatan gwamnati da ɗaliban da za su gaje su. Yaro kan yi minti arba'in gaban malamin darasin, amma ranar da ya raka mahaifinsa sakatariya ko asibiti ko shingen hanya, yana kallon yadda aka karɓe su, da abin da aka nema a hannunsu kafin a sa hannu. Wannan darasin ba ya mantawa da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk mai riƙe da hatimin hukuma yana cikin masu tanƙwarawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya tsare makarantu, ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙon amana.